Waye zai fara taɓa mara lafiya a ƙofar emajansi?

Ƙarfe biyun dare ne a sashen emajansi, saka duk asibitin da ka ga dama a ranka, kusan duk haka suke. Mutum uku sun shigo a tare. Na farko saurayi ne da gilashi ya yanka a hannu, jini ya ɓata masa riga kaca-kaca, yana ihu, waɗanda suka rako shi kuma sun fi shi ihun. Ta biyu mace ce rungume da yaro ɗan shekara biyu, jikinsa zafi rau, amma shiru yake, ko kuka baya yi, ka ɗaga hannunsa ka saki ya faɗo yaraf. Na uku dattijo ne, yace shi dai saman cikinsa ne ke masa nauyi tun bayan isha'i, yana ganin olsa ce, gumi na keto masa, ya samu benci ya zauna har yana ba mutane haƙuri wai a fara duba masu jini. Likita ɗaya ne a bakin aiki kuma yana ciki yana fama da wani.

To wa za a fara gani? Duk wanda bai san aikin ba saurayin zai nufa, don jini da ihu suna jan ido. Wanda ya san aikin kuwa zai danna wa saurayin bandeji yace riƙe nan da ƙarfi, ya wuce kan yaron nan mai shiru, ya sa a jona wa dattijon na'urar gwajin zuciya kafin minti goma su cika. Abun tambayar shine mutumin da ke tsaye a ƙofar a daren nan waye shi, me aka koya masa, kuma me doka da shugabanninsa suka yarda ya yi ba tare da ya jira likita ya fito ba. Duk surutun da ake yi kan sake fasalin ayyukan ma'aikatan lafiya a wannan ƙofar yake farawa.

Ita wannan tantancewar, wadda ma'aikata ke kira tiriyaj, kalmar daga Faransanci ta fito, ma'anarta rarrabewa. Likitan sojojin Napoleon, Dominique Larrey, shi ake dangantawa da dokar cewa wanda rauninsa ya fi muni shi za a fara yi wa aiki, ko janar ne ko kurtu. Amma kulawar gaggawa a matsayin sana'a mai zaman kanta yarinya ce ƙarama sosai. A 1966 wani rahoto ya fito a Amurka da ya nuna kusan rabin aikin ɗaukar marasa lafiya a ƙasar masu sana'ar kai gawa ne ke yinsa, saboda su ne ke da motar da mutum zai iya miƙewa a ciki, har rahoton ya kawo maganar masana cewa wanda aka ji wa mummunan rauni a fagen yaƙi ya fi wanda mota ta kaɗe a titin birni damar tsira. Shekara guda bayan nan aka kafa ƙungiyar ambulan ta Freedom House a birnin Pittsburgh, inda aka ɗauko baƙaƙen fata daga unguwar talakawa, da yawansu ba su da aikin yi, likita Peter Safar ya koya musu farfaɗo da zuciya da buɗe hanyar numfashi a cikin mota tana gudu. A Belfast ta Ireland ta Arewa kuma likitan zuciya Frank Pantridge ya ɗora na'urar girgiza zuciya mai nauyin kusan kilo 70, mai aiki da batirin mota, a cikin ambulan. Wato faramedik, ma'aikacin ambulan mai horon ceton rai, wanda yau ake gani kamar dama can da shi aka halicci asibiti, shima ƙirƙirarsa aka yi, kuma lokacin an samu masu cewa ganganci ne a bar wanda ba likita ba ya yi irin wannan aiki.

Dalilin da ya sa maganar ta sake tasowa da ƙarfi a zamanin nan ba boyayye bane. Hukumar Lafiya ta Duniya tana hasashen giɓin ma'aikatan lafiya miliyan 10 zuwa 11 nan da 2030, mafi yawa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Kafin a samu likita ɗaya ƙwararre a fannin gaggawa sai an haura shekara goma ana karatu da horo, shi kuwa mai zubar jini mintuna yake da su. Wanda zuciyarsa ta tsaya, duk minti ɗaya da ya wuce ba a danna masa ƙirji ko an girgiza zuciyar ba damarsa na raguwa da kashi 7 zuwa 10 cikin 100. Allurar taƙaita zubar jini ta tranexamic acid, in an wuce awa uku da jin rauni amfaninta ya tafi. To in ƙwarewar tana hannun mutum ɗaya kuma mutumin yana nesa ko hannunsa a cike, kamar babu ita ne.

Abun da masu sake fasalin ke yi shine su ɗauki abun da muke kira “aikin likita” su warware shi zare-zare. Sai a ga ashe ba dunƙule ɗaya bane. Akwai ɗinkin rauni, akwai saka allurar ƙarin ruwa, akwai rubuta takardar ɗaukar hoto, akwai bada maganin rage zafi, akwai yanke hukuncin wannan ya tafi gida wancan a kwantar da shi. Wasu zaren dole sai wanda ya yi dogon karatu, wasu kuwa al'adar aiki ce kawai ta ɗaure su a wuyan likita. Misalin da nake so shine na targaɗen idon sawu. Da can kusan duk wanda ya zo da shi sai ya jira likita, likita ya tura shi hoto, ya dawo ya sake jira, kuma mafi yawan hotunan babu karaya. A 1992 likitoci a Ottawa ta Kanada suka fitar da ƴar ƙa'ida mai sauƙi: a taɓa wasu wurare takamaimai a ƙashin, a ga ko mutum zai iya taku huɗu. In babu ciwo a wuraren kuma ya taka, ba sai an yi hoto ba. Da wannan nas a ƙofa zata iya yanke hukunci cikin minti biyu, likita kuma ya samu sararin zama kan yaron nan mai shiru.

Ingila ta shiga wannan harka gadan-gadan a farkon shekarun 2000. Gwamnati ta kafa ƙa'idar awa huɗu, wato daga shigowa emajansi zuwa sallama ko kwantarwa kar a wuce awa huɗu, a 2004 ana neman kashi 98 cikin 100 na marasa lafiya su samu haka, daga baya a 2010 aka sassauta zuwa 95. Cikin dabarun da aka fito da su har da sabon muƙami da ake kira ECP a taƙaice, wato ƙwararren ma'aikacin kulawar gaggawa. Ana ɗauko nas ko faramedik da suka daɗe a aiki, a ƙara musu horo kan binciken jiki da ɗaukar tarihin ciwo da kula da ƙananan raunuka, sai a tura su gidan mara lafiya. Tsohuwa ta faɗi a ɗaki fatar ƙafarta ta yage, maimakon a loda ta a mota ta kwana kan gadon da ake turawa a barandar asibiti, ECP zai zo ya duba ko akwai karaya, ya auna hawan jininta a kwance da a tsaye don gano abun da ya kayar da ita, ya gyara raunin, ya haɗa ta da masu bibiya, ta kwana a gadonta. Sunan muƙamin ya canza a wurare da yawa yanzu, amma tunanin ya zauna, har a 2018 aka gyara doka manyan faramedik suka samu izinin rubuta magani da kansu. Lura da tazarar nan: an fara ba su aikin fiye da shekara goma kafin doka ta ba su alƙalamin.

Ƙasashen da likita ya fi ƙaranci kuwa sun riga kowa, don su dole ce ta sa. Mozambik bayan samun ƴanci a 1975 mafi yawan likitocinta suka tattara suka tafi, sai a 1984 ta fara horar da ma'aikatan da ba likitoci ba su yi tiyata, ciki har da ciro jariri. Binciken da aka yi daga baya ya nuna a asibitocin gunduma su ke yin kusan kashi 90 cikin 100 na manyan tiyatar haihuwa, sakamakon aikinsu bai yi nisa da na likitoci ba, kuma bayan shekara bakwai kusan tara cikin goma suna nan a karkara inda aka tura su, likitocin da aka tura tare da su kuwa babu ko ɗaya. A arewacin Iraƙi da Kambodiya, tsakanin 1997 da 2001, an horar da faramedik 135 da mutanen ƙauye sama da 5,000 kan taimakon farko ga waɗanda nakiya ta tashi da su, mutuwa ta sauko daga kusan kashi 40 zuwa kusan 15 cikin 100, ba tare da an gina sabon asibiti ba. A Ghana direbobin haya sama da 300 aka koya wa tsaida jini da gyara kwanciyar wanda ya suma, tunda dama su ke fara isa wajen haɗari.

Wanda ya fi burge ni dai shine na Blantyre a Malawi, a babban asibitin Queen Elizabeth, ƙarƙashin likitar yara Elizabeth Molyneux. Da can yara layi suke bi, wanda ya riga zuwa shi ake fara gani, sai yaro ya mutu a bayan uwarsa a kan layi ba wanda ya sani. Abun da suka yi: suka koya wa ma'aikata gane alamun haɗari cikin daƙiƙu, suka sake tsarin ɗakin yadda mara lafiya zai shigo ta gaban mai tantancewa, suka ware wajen farfaɗowa da kayansa a kusa, suka sa manya suna tsayawa a wajen. Mutuwar yaran da aka kwantar ta sauko daga kashi 10 zuwa 18 ta koma 6 zuwa 8 cikin 100. Mutane in suna bada labarin nan sai suce ai horo ne ya yi aiki. Ni kuma inaga rabin labarin kenan, don sun taɓa gini, sun taɓa jadawalin aiki, sun taɓa inda ake ajiye oksijin, sun taɓa wanda ke da ikon cewa a tsallake layi.

Nan ne nake da matsala da yadda ake tafiyar da horo a wurare da dama. Kwas shine ɓangare mafi arha kuma mafi daɗin ɗaukar hoto. A tara mutum talatin a ɗakin taro kwana biyar, a yi musu gwaji a farko a yi a ƙarshe, maki ya tashi, a raba satifiket, a rubuta rahoto cewa an horar da mutum talatin. Na taɓa zama a irin wannan, kuma wallahi ranar ƙarshe ji nake ko wa aka kawo zan iya da shi. Bayan wata biyar aka ajiye mana ƴar tsanar gwaji ba sanarwa, akace ga mutum ya faɗi. Na durƙusa na fara danna ƙirji, mai kula da mu yana kallon na'ura yace ban kai zurfi ba, ana son santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, ni ina shafa ne kawai. Abokiyar aikina ta ɗauko jakar hura iska ta kifa abun rufe fuskar a juye, hanci a ƙasa. Wani yace a kawo adirenalin, allurar zaburar da zuciya, mu huɗu muka ji, ba wanda ya motsa saboda kowa ya ɗauka da wani ake. Duk muna da satifiket, sabo fil.

Ba mu kaɗai bane, an auna abun. A asibitin Haydom da ke Tanzaniya an yi wa ungozomomi kwas na kwana ɗaya kan farfaɗo da jaririn da aka haifa baya numfashi. Da aka gwada su kan ƴar tsana bayan watanni sun fi da iyawa, amma a ɗakin haihuwa aikinsu bai canza ba. Sai aka sauya salo, aka ajiye ƴar tsanar a ɗakin aikin, ana maimaitawa na ƴan mintuna akai-akai, a nan ne mutuwar jarirai cikin awa 24 ta sauko daga kusan 11 zuwa kusan 7 cikin 1,000. Darasi ɗaya, mutane ɗaya, bambancin kawai kaɗan-kaɗan kullum a inda ake aikin maimakon tuli guda a ɗakin taro.

Shi kansa abun da ake koyarwar ba wani sirri bane. Kusan duk kwasa-kwasan gaggawa, har da na matakin farko da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar tare da Red Cross a 2018, kan jeri ɗaya suke, wanda ake haddacewa da ABCDE: hanyar iska a buɗe take, yana numfashi, jini na zagayawa, hankalinsa fa, sannan a buɗe jiki duka a duba har baya. Hikimar jerin itace abun da zai fi saurin kashewa shi ake fara gyarawa, kuma ba sai ka san sunan cutar ba kafin ka fara ceto. Jerin ya yaɗu ne bayan wani likitan ƙashi, James Styner, ya faɗi da ƙaramin jirginsa a Nebraska a 1976, matarsa ta rasu nan take, ƴaƴansa suka ji munanan raunuka, da ya samu ya kai su wani ƙaramin asibiti ya ga ma'aikatan ba su da wani tsari na tunkarar irin wannan. Kwas ɗin da ya biyo baya a 1978 likitoci aka yi wa, amma babbar fa'idarsa itace ya ba kowa yare ɗaya. In nas da faramedik da likita duk da jeri ɗaya suke tunani, miƙa mara lafiya daga hannu zuwa hannu baya zubar da bayani a hanya.

Sai ɓangaren da ba a cika sakawa a manhaja ba, wato magana. Matsalar adirenalin ɗinmu maganinta shine ka kira suna, “wance, ba shi kaza”, ita kuma ta maimaita da baki, in ta bayar tace na bayar. Abu kamar wasan yara amma sai an yi ta yi kafin ya zauna. Wanda ya fi wuya shine ƙaramin ma'aikaci ya iya ce wa babba “ranka ya daɗe, oksijin ɗinsa na sauka” har sau biyu, sau uku, da ƙarfi, ba tare da tsoron gobe za a ci masa mutunci gaban jama'a ba. Ka ba nas sabon muƙami da sabuwar riga, in har wajen aikin irin wanda ake hararar mai tambaya ne, to zata koyi yin shiru, kuma shirun ma'aikaci a emajansi yana da tsada.

Yanzu bari a yi wa masu adawa adalci, don ba duk ƙorafinsu bane kishin sana'a, duk da akwai shi. Babbar hujjarsu itace mara lafiyan da ba a riga an san abun da ke damunsa ba. Ɗinki ana koya a wata ɗaya. Amma ka kalli mutum ɗari masu ciwon ciki ka tsamo ɗayan da zuciya ce, ko masu ciwon ƙafa ka gane wanda gudan jini ne ke shirin tafiya huhu, wannan yana son ka san cututtukan da ba a cika gani ba, kuma wanda aka horar kan abubuwan da aka saba gani zai iya kallon baƙon abu ya ba shi sunan wanda ya sani, hankalinsa kwance. Ƙa'idar aiki a rubuce tana taimako ne in ka ɗauko wadda ta dace. Dattijonmu na benci, in aka ɗauko masa takardar olsa, za a bi ta daidai ba kuskure har ya faɗi.

Ingila ta ɗanɗana wannan rigima kwanan nan kan wani muƙamin daban, masu karatun shekara biyu bayan digiri da ake kira da sunan da ke nufin abokin aikin likita. An samu mace-mace da suka tada ƙura, ciki har da inda iyalai suka ce su duk zatonsu likita ne ya ga ɗan uwansu. Gwamnati ta sa Farfesa Gillian Leng ta yi bita, a Yulin 2025 ta bada shawarar a maida sunan mataimakin likita, a bambanta su a sutura da baji yadda mara lafiya zai gane, kuma kar su riƙa ganin wanda ba a tantance ciwonsa ba sai cikin iyaka da aka shata. Abun lura shine hukumar da ke kula da rajistar likitoci sai a Disambar 2024 ta fara kula da su, bayan sun shafe kusan shekara ashirin suna aiki. An saki doki kafin a ɗaura linzami, da ya yi ɓarna kuma aka ce laifin dokin ne.

Akwai wani lissafin da masu tsara kasafi ke yawan tsallakewa. Sabon ma'aikaci a shekarunsa na farko cin lokacin likita yake yi kafin ya fara rage masa aiki, saboda dole a duba bayansa, a tattauna marasa lafiyansa, a sa hannu. In likita ɗaya ne ke kula da mutum shida a shif kuma shima yana da nasa layin, kulawar ta zama ta takarda kawai. Sannan ƙananan likitoci masu koyo suna kukan cewa ayyukan da ake gogewa da su an kwashe an ba wasu, su an bar su da rubuce-rubuce, to gobe wa zai zama babban da za a kira? Kuma in an kwashe duk masu sauƙin an ba wasu, abun da ya rage wa likita zalla masu wuya ne daga farkon shif zuwa ƙarshe ba ɗan numfasawa, wannan ma yana ƙona mutum. Ga kuma inda ake ɗebo sababbin: daga cikin gogaggun nas da faramedik ne, wato an toshe rami da ƙasar da aka haƙo daga wani ramin.

Ta ɓangaren su ma'aikatan kuma, abun da ke kashe musu gwiwa sananne ne. An ƙara maka nauyi ba a ƙara albashi ba. Takardar da ka samu asibitinku kaɗai ya san da ita, in ka koma wani wajen ka dawo sifili. Babu matakin gaba, shekara goma kana inda kake. In abu ya yi kyau sunan sashe ne, in ya ɓaci sai a ciro dokar da tace dama ba huruminka bane, alhali kowa ya san kai ke yi kowane dare. Wasu sai ka ga an koya musu abu, sun dawo aiki an ce ba a yarda su taɓa ba, ko kuma kayan babu, bayan shekara hannu ya manta. Shi ya sa nake ganin kafin a tura mutum ɗaya kwas ya kamata a ce an gama rubuta iyakar aikinsa, hukumar da zata yi masa rajista, wanda zai kira ƙarfe biyun dare in ya maƙale da tabbacin za a ɗaga wayar, da matakin albashinsa. A aikace kuwa daga kwas ake farawa, sauran a ce za a duba.

Wani abun kuma, cunkoson emajansi sau da yawa daga ƙofar fita yake. Gadajen wod sun cika, waɗanda suka warke ba a sallame su ba saboda babu mai kula da su a gida, sai waɗanda aka gama dubawa a emajansi su yi ta kwanciya a baranda, motocin ambulan su yi layi a waje da marasa lafiya a ciki. Ingila da duk sababbin muƙamanta rabonta da cika ƙa'idar kashi 95 ɗin nan a faɗin ƙasa tun 2015. Ko ka zuba ƙwararru goma a ƙofar shiga, in ta fita a toshe take, sauri kawai ka ƙara wajen cika ɗakin.

To ta ina za a gane sabon tsari yana aiki? Yawan waɗanda aka horar dai ba ma'auni bane. A tsarin tantancewa na Afirka ta Kudu launi ake ba mutum: ja a gan shi nan take, ruwan lemo cikin minti 10, rawaya cikin awa ɗaya, kore cikin awa huɗu. Ana iya zama duk wata a ciro fayil hamsin a duba nawa ne aka ba kore alhali ja ne, nawa aka sallama suka dawo cikin kwana uku sun fi da tsanani, minti nawa mai ciwon ƙirji ya yi kafin a yi masa ECG, wato gwajin zuciya da na'ura. A kan dattijonmu ma tambayoyin ƙanana ne. Wadda ke ƙofa ta san nauyin saman ciki da gumi a mai shekaru na iya zama zuciya? Tana da izinin jona na'urar da kanta ko sai likita ya rubuta? Na'urar na da takarda a ciki? In layukan suka fito, an koya mata gane wanda ke nufin jijiyar zuciya ta toshe, ko aƙalla zata iya tura ƙofar ɗakin da likita yake ta miƙa masa a hannu yana tsakiyar ɗinki? A asibitoci da yawa amsar ta farko eh ce, don an yi kwas. Ta biyun ce har yanzu ke jiran sa hannun wani kwamiti.